Sawun da ya saki: a jira, a je gashi, a sa takalmin tallafi, ko a yi tiyata?

A lokacin dashen albasa na bara ƙanin mahaifina ya yi kwana huɗu yana yini a tsugune cikin fangali a fadamarmu da ke ƙasar Haɗeja, alhali bai daɗe da tashi daga wani zazzaɓi da ya ramar da shi ba. Da asubar kwana na biyar silifarsa ta hagu ta saɓule har sau uku tsakanin masallaci da ƙofar gida, kuma duk wanda ke zaure ya ji yadda sawun ke faɗa wa ƙasa, faf, faf, kamar ana kakkaɓe tabarma. Na durƙusa na ce, "Baffa, ɗaga mini yatsun nan sama." Ya zuba wa ƙafar ido, ya cije leɓe, yatsun ko motsi ba su yi ba, amma da na ce ya yi ɗage sai ya tsaya a kansu lafiya lau. Kafin hantsi shawara ta rabu huɗu a gidan. Goggo ta ce a kira wanzami, mahaifina ya ce a bari kwana biyu a gani, ɗan Baffa da ke Kano ya bugo waya ya ce a kawo shi asibitin ƙashi na Dala, wani maƙwabci kuma ya rantse cewa allurar bitamin ce maganin abin. Kowa da hujjarsa, aljihun gidan kuwa ba zai ɗauki dukkansu ba.

Abin da ya lalace

Kalmar jijiya a Hausa ta haɗa abubuwa uku da ba su da aiki ɗaya: jijiyar jini, da agara da 'yan uwanta masu ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma farar jijiya mai kai saƙo tsakanin laka da gaɓoɓi. Ta ukun ce ake magana a kanta a nan. Babbar cikinsu a ƙafa, wadda likitoci ke kira sayatik, tana fitowa daga ƙasan gadon baya, ta ratsa mazaunai, ta bi bayan cinya, sannan ta rabu biyu dab da bayan gwiwa. Reshe ɗaya yana gangarawa ta sharaɓa zuwa tafin ƙafa, shi ke ba mutum ikon yin ɗage. Ɗayan, mai suna feroniyal, yana zagayowa ta gefen gwiwa na waje ya naɗe wuyan siririn ƙashin ƙwauri, inda babu abin da ya kare shi sai fata. Mai karatu zai iya laluba ɗan tudun ƙashin da ke wurin. Jijiyar tana ƙarƙashinsa kaɗan. Ita ce ke ɗaga sawu da yatsu sama, ita ce ke kawo ji daga bayan ƙafa da gefen ƙwauri, kuma ita ce aka fi dannewa a duk jijiyoyin ƙafa.

Doguwar tsuguno tana danne ta, haka ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya na tsawon lokaci, da doguwar jinya a kwance, da rama mai sauri wadda ke kwashe ɗan kitsen da ke yi mata matashi. Ɗaurin karaya da ya yi tsauri, na kara ne ko na filasta, yana shaƙe ta. Karayar ƙashin wurin, ko gocewar gwiwa a hatsarin babur, ko saran lauje da adda, suna iya tsinka ta. Ciwon suga yana raunana ta, kuturta kuma tana kumbura ta a daidai wannan wuri. Sai kuma allurar mazaunai da aka soka a inda bai dace ba, wadda ke samun babbar jijiyar tun daga sama, abin da ya fi faɗa wa yara ramammu.

Wani likitan Ingila mai suna Herbert Seddon ya kasa raunin jijiya gida uku a 1943, kuma har yau da wannan kason ake aiki. Mafi sauƙi shi ne wanda jijiyar ta dannu kawai, saƙo ya tsaya amma zaruruwanta suna nan. Wannan yakan sake da kansa cikin makonni zuwa kamar wata uku. Na tsakiya shi ne wanda zaruruwan ciki suka mutu amma rigar jijiyar ba ta yage ba, don haka sai sun sake tsirowa daga inda raunin yake, kuma tsirowar ba ta wuce kimanin milimita 1 a rana, wato wajen inci 1 a wata. Na uku shi ne tsinkewa gaba ɗaya, wanda ba ya haɗewa sai an ɗinke. A gefe guda kuma tsokar da saƙo ya daina iso mata tana jira ne na ɗan lokaci: bayan kamar wata 12 zuwa 18 takan shanye ta yadda ko jijiyar ta iso ba za ta amsa ba. Duk kwatancen da ke tafe a kan waɗannan lissafi biyu ya ratayu, wato saurin tsirowar jijiya da wa'adin da tsoka ke iya jira. Daga gefen gwiwa zuwa tsokar ƙwauri tafiyar 'yan watanni ce. Daga mazaunan babban mutum zuwa ƙasan gwiwa kuwa tafiyar fiye da shekara ce, shi ya sa raunin da ya faru a sama ya fi wuyar sha'ani.

Inda babu zaɓi

Akwai alamomin da idan an gan su maganar kwatance ta ƙare, sai neman mota. Idan raunin ƙafa ya zo tare da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu, to shanyewar ɓarin jiki ake tsoro. Idan ƙafafu biyu ne, ko fitsari ya riƙe ko yana zuba babu sani, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, to matsalar laka ake tsoro. Idan akwai ɗauri a ƙafar, ciwo kuma yana ƙaruwa, yatsu sun kumbura ko sun yi sanyi ko sun canza launi, a sassauta ɗaurin nan take a tafi asibiti, domin ƙafar ce gaba ɗaya a cikin haɗari. Yaron da bai kai shekara 15 ba idan ƙafarsa ta saki farat ɗaya, a kai rahoto asibitin da ya fi kusa ko da iyaye sun tabbata allura ce sanadi. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga nahiyar Afirka a watan Agustan 2020, amma har yanzu ana gwada bayan gidan irin waɗannan yara, kuma kyauta ne. Wanda kuma ke da tabo mai haske a fata da ba ya jin taɓi, a duba shi don kuturta, wadda maganinta kyauta ne, kuma jijiyar da ta taɓa takan farfaɗo idan an fara magani cikin watanni shida na farko.

Ma'aunin da za a bi

Tambaya ta farko ga kowane zaɓi ita ce: me yake gyarawa? Wani yana taɓa jijiyar kanta, wani yana kare gaɓa kafin jijiyar ta dawo, wani kuma tafiya kawai yake sauƙaƙawa. Sai kuɗi, kuma ga mutumin ƙauye kuɗin magani ba shi ne na rasit kaɗai ba, har da na mota zuwa da dawowa, da abincin mai jinya, da kwanakin gona da aka rasa. Sai ɗorewa, sai sauƙin yi ga wanda ke zaune nesa da kwalta, sai haɗari. A kan dukkan waɗannan akwai lokaci, domin zaɓin da ya dace a mako na biyu yana iya zama ɓata lokaci a wata na shida.

Jira tare da kula a gida

Jira iri biyu ne, kuma wanda aka fi yi a ƙauyukanmu shi ne marar amfani, wato a zauna a ce Allah ya kawo sauƙi alhali ana ci gaba da tsuguno, sawun kuma yana reto. Jiran da ake nufi a nan aiki ne. Da farko a cire sanadin: a bar tsuguno, a yi aikin ƙasa a zaune kan 'yar kujera ko turmi, a daina harɗe ƙafa, a sa tsumma mai laushi a gefen gwiwa lokacin kwanciya. Na biyu, kuma mafi muhimmanci, a hana agara tsukewa. Sawun da ya kwana ya yini a sake, agararsa takan gajarce a hankali har dunduniya ta daina taɓa ƙasa, kuma idan haka ta faru ko jijiyar ta warke sawun ba zai ɗagu ba. Maganin wannan rawani ne ko zane: a zauna a miƙe ƙafa, a rataya shi a tafin ƙafa kusa da yatsu, a jawo sawun zuwa ƙirji a riƙe kamar daƙiƙa 30, a maimaita sau da yawa safe da rana da dare. Baffa ya ɗaura wannan a kan lokutan salla biyar, shi ya sa bai taɓa mantawa ba.

Kuɗinsa kusan babu, sauƙinsa kuma ya fi na kowane zaɓi. Idan raunin na dannewa ne, warkewar da aka samu ta zauna ke nan, muddin ba a koma ga sanadin ba. Haɗarinsa ɗaya ne amma babba: a jira a kan jijiyar da ta tsinke, ko a kan ciwon da ba na jijiya ɗaya ba ne. Saboda haka ban yarda da jiran da ba a fara shi da ganin ma'aikacin lafiya ba, wanda zai gwada ƙarfin sawun, ya duba baya, ya auna suga, ya duba fata. Ban kuma yarda da jiran da ba shi da ranar ƙarewa ba. A rubuta ranar da abin ya fara a bango ko a bayan kalanda, a riƙa gwada ɗaga babban yatsa kowace Juma'a, idan wata uku ya cika babu ko ɗan motsi to jira ya ƙare.

Wanzami, mai ɗori da kemis

Ba adalci ba ne a yi kamar wannan zaɓin ba ya nan, tunda shi ne na farko a yawancin gidaje. Yana kusa, ana iya biya da kaza ko a biya bayan girbi, kuma mai yin sa ya san sunan mahaifin majinyaci. Tausa mai laushi da man shafawa ba su da laifi, suna ma taimaka wa fata kada ta tsage. Amma ƙaho da tsaga da sakiya ba sa isa inda matsalar take, domin ba mataccen jini ne ya taru ba. Sun kuma fi haɗari a nan fiye da ko'ina, saboda fatar da ba ta ji ba ta iya kai ƙara: ruwan gashi da zai sa mai lafiya ya janye ƙafa, wannan fatar za ta zauna a cikinsa har ta saɓule. Ga mai ciwon suga tsaga ɗaya tana iya zama gyambon watanni. Ɗauri mai tsauri a ƙasan gwiwa kuwa ƙara shaƙe jijiyar yake yi.

Akwai wani abu da ke ruɗa mutane a nan. Tunda raunin dannewa yana sakewa da kansa, duk maganin da ake sha a makon da sawun ya motsa shi ke kwashe yabo. Da an yi wa Baffa ƙaho a mako na bakwai, da har yau Goggo tana ba da labarin wanzamin.

Allurar bitamin ta kemis tana da amfani ne ga wanda jikinsa ya rasa bitamin ɗin, ba ta buɗe jijiyar da aka danne, kuma yawan bitamin B6 shi kansa yana lalata jijiyoyi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne a ɗauki ƙafar da allura ta raunata a sake jera mata allurai a mazaunai. Arahar wannan hanya ta farko ce kawai. Idan aka tara kuɗin wata uku, sau da yawa ya isa kuɗin motar zuwa birni har da canji.

Gashi a asibiti

Sunan gashi yana sa mutane su zaci zafi ne maganin, alhali babban aikin sashen shi ne gwaji da koyarwa. Ma'aikacin gashi yana auna ƙarfin kowace tsoka ya rubuta, ta yadda bayan wata guda za a san ko ana ci gaba ko ana tsaye, abin da ido a gida ba ya iya tantancewa. Yana koyar da miƙa agara yadda ya kamata, da motsa tsokar da ta fara farfaɗowa ba tare da an gajiyar da ita ba, da tafiya ba tuntuɓe. Akwai na'urar lantarki da ake ɗora wa tsoka ta riƙa harbawa, majinyata kuma suna son ta domin suna ganin sawun yana motsi, amma ba ita ke tsirar da jijiya ba, kuma bai kamata a sayar da akuya domin ita kaɗai ba.

Ana samun wannan sashe a Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala, a Jigawa kuma akwai Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse da asibitin tarayya na Birnin Kudu. Kafin a yi nisa, a tambaya a babban asibitin ƙaramar hukuma ko suna da mai yin gashi. Kuɗin zama ɗaya ba shi ne ke karya mutum ba, maimaitawar ce, domin wanda ke Guri ko Maigatari ko Doguwa idan aka ce ya zo sau biyu a mako, kuɗin mota zai ninka na gashin, kuma yawanci a mako na uku ake daina ganinsa. Dabarar da ta fi dacewa da mutumin nesa ita ce ya faɗi gaskiyar nisansa tun ranar farko, ya zo da wanda zai koyi motsin tare da shi, a ɗauki hoton bidiyo a waya, sannan a riƙa dawowa sau ɗaya a wata don awo. Haɗarinsa kaɗan ne ƙwarai, amfaninsa kuma yana ɗorewa gwargwadon yadda aka ci gaba da yi a gida.

A irin wannan zuwa ne likita kan nemi gwajin saƙon jijiya da na tsoka, wanda ake kira EMG. Sai a birni ake samunsa, yana da ɗan tsada, kuma ba ya faɗin cikakkiyar gaskiya sai rauni ya kai kamar mako uku. Ga wanda ke tsakanin jira da tiyata, wannan gwajin ne kuɗin da ya fi kowane amfani, domin yana nuna inda raunin yake da zurfinsa.

Takalmin tallafi

Wannan wata roba ce mai tauri mai siffar kusurwa, tana bin bayan sharaɓa ta shiga ƙarƙashin tafin ƙafa, ta riƙe sawu kada ya faɗi. A asibiti AFO suke ce mata, kuma a Dala akwai sashen da ke auna ƙafa da filasta ya ƙera ta daidai jikin mutum. Ba ta warkar da jijiya ko kaɗan, amma ita kaɗai ce a cikin zaɓuɓɓukan nan take canza tafiya a ranar da aka sa ta: tuntuɓe ya ragu, ɗaga gwiwa sama kamar mai tsallake kunya ya ragu, agara kuma ta samu kariya. Tsoron da wasu ke yi cewa za ta sa ƙafar ta yi lalaci bai kai tsoron faɗuwa da karaya ba, musamman ga tsofaffi.

Matsalolinta na rayuwar yau da kullum ne, kuma a nan ya kamata mai saye ya tsaya ya yi tunani. Ba ta zama da silifa, sai takalmi rufaffe mai ɗan faɗi ko sandal mai maɗauri, don haka kuɗin takalmi da safa suna cikin lissafi. A watannin zafi tana tara gumi. Ana cire ta a yi alwala, zaman tahiya da ita yana da wuya, haka tsuguno a bayan gida. A taɓon fadama ba ta da daɗi, wasu manoma sun fi samun sauƙi da dogon takalmin ruwa wanda ya kama ƙwauri, ko da yake riƙonsa bai kai nata ba. Mai babur ya lura cewa giya a ƙafar hagu take, kuma ɗaga ta da yatsu shi ne ainihin abin da ya gagara. Sandar giya mai baki biyu, irin wadda ake takawa da dunduniya, tana warware wannan. Idan ta dama ce ta mutu, salansa ce abin tsoro, domin takan ƙona ƙwauri mai shi bai sani ba sai ya ji ƙauri.

Wadda aka ƙera da awo ta fi ta kanti tsada amma ta fi zama a jiki, kuma babban mutum yana iya shekaru da ita idan ana sauya maɗaurinta. Yaro kuwa girma yake yi, sai an riƙa sake masa. Akwai kuma ta talaka, wadda aka daɗe ana amfani da ita a asibitocin kuturta: ɗamara a ƙasan gwiwa, da robar tayar keke da ke jawo gaban takalmi sama. Ba ta da kyan gani kuma robar tana tsinkewa, amma baduku ko mai faci zai gyara ta a kasuwar ƙauye, sai dai a kula kada ɗamarar ta hau kan tudun ƙashin da jijiyar take. Haɗarin kowace iri ɗaya ne, wato gogar fata, saboda haka a duba ƙafar kowane dare, jan da bai baje ba bayan an cire kuma alama ce ta a koma a gyara.

Tiyata

Tiyata iri biyu ce, kuma rashin bambance su yana sa mutane ko dai su yi gaggawa ko su yanke ƙauna. Ta farko a kan jijiyar ake yi: a buɗe inda ta shaƙe, ko a cire ƙarin da ya danne ta, ko a ɗinke ta idan ta tsinke, idan giɓin ya yi faɗi kuma a yanko wata ƙaramar jijiyar ji daga bayan ƙwauri a yi gada. Wannan tana da wa'adi. Yankan wuƙa ko gilashi mai tsabta cikin kwanakin farko ake so a ɗinke shi, sauran kuma akan duba su idan wata uku zuwa shida ya wuce babu alamar dawowa. A nan zuwa a kan lokaci ya fi zuwa da kuɗi, domin wanda ya zo bayan shekara biyu da kuɗin sa a aljihu ba zai sayi abin da ya wuce ba. Ko an yi a kan lokaci, sai an sake jiran tsirowar nan ta inci ɗaya a wata, kuma sakamako yana raguwa idan giɓin ya yi tsawo ko raunin yana can sama.

Ta biyu ba ta taɓa jijiyar. Likitan ƙashi yana ɗauko igiyar wata tsoka mai lafiya da ke bayan ƙwauri, wadda ɗaya reshen ke ba saƙo, ya zagayo da ita ya dasa a bayan ƙafa, ta koma tana ɗaga sawu. Wannan ba ta da wa'adi irin na farko, ana yin ta ko bayan shekaru, da sharaɗin tsokar da za a ɗauko tana da ƙarfi, idon sawu kuma bai ƙage ba. Idan agara ta tsuke sai an haɗa da tsawaita ta. Bayan aiki akwai kamar mako shida a filasta, sannan watannin gashi don tsokar ta koyi sabon aiki, kuma wanda ba zai iya wannan ɓangaren ba gara kada ya fara. Yawancin waɗanda aka yi wa suna tafiya ba takalmin tallafi, amma ƙarfin ba ya komawa kamar na da.

Dukkansu su ne mafi tsada, irin tsadar da kan sa a fitar da dabba kasuwa, ga kwanciya da mai jinya a birni. Wanda ke cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha ko na tarayya ya tambayi abin da tsarin ya ɗauke tun kafin a sa rana. Haɗarinsu shi ne na kowace tiyata, wato ruɓewar rauni, da matsalar maganin barci, da yiwuwar a yi aikin amma buƙata ba ta biya ba, mai suga kuma sai sugansa ya daidaita.

Zugi da raɗaɗi, waɗanda suka fi addabar masu raunin allura, maganarsu daban ce. Magungunan ciwon jiki na kemis ba su cika taɓa su ba, yawan shansu kuma yana cin ciki da ƙoda. Akwai waɗanda aka tanada don zugin jijiya, irin su amitriptyline da gabapentin, amma likita ne ke rubuta su, kuma zugi suke kwantarwa, ba sawu suke ɗagawa ba.

| Zaɓi | Abin da yake gyarawa | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi a ƙauye | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Jira da kula a gida | Yana kare gaɓa, jijiya ta sake da kanta | Kusan babu | Mai ɗorewa idan dannewa ce | Mafi sauƙi | Wuce wa'adi |
| Ƙaho, tsaga, allurar kemis | Ba sa isa jijiyar | Kaɗan-kaɗan, amma yana taruwa | Babu | Kusa da gida | Ƙuna, gyambo, sabon rauni |
| Gashi | Awo, ƙarfin tsoka, sakin gaɓa | Matsakaici, mota ce tsadar | Sai an ci gaba a gida | Wuya ga na nesa | Kaɗan |
| Takalmin tallafi | Tafiya kawai | Matsakaici, sau ɗaya | Shekaru ga babba, gajere ga yaro | Zuwa ɗaya ko biyu | Gogar fata |
| Tiyatar jijiya | Jijiyar kanta | Mai yawa | Mai ɗorewa idan ta yi | Sai birni, cikin wa'adi | Na tiyata, da rashin nasara |
| Dashen igiyar tsoka | Ɗaga sawu ta wata hanya | Mai yawa | Mai ɗorewa | Sai birni, da watannin gashi | Na tiyata |

Wa ya dace da wane

Wanda sawunsa ya saki bayan tsuguno ko doguwar kwanciya, babu rauni babu ciwon baya, kuma yana iya ɗan motsa yatsa, ya je a duba shi sau ɗaya, ya koma gida ya kama rawaninsa, ya ba abin wata uku; takalmin ruwa ko robar keke sun ishe shi kafin nan. Haka Baffa ya yi, babban yatsansa ya fara motsi a mako na bakwai, a wata na uku ya koma silifa, kuma bana a kan kujera ya yi dashe. Tsoho ko tsohuwa da ke yawan tuntuɓe su fara da takalmin tallafi, kome ake jira daga baya. Wanda aka sara ko ya yanke a gefen gwiwa sawun ya saki nan take, ko wanda gwiwarsa ta goce a hatsari, kada ya tsaya a ɗinkin fata na ƙaramin asibiti, ya nemi takardar tura shi Dala ko asibitin koyarwa a makon. Yaron da allura ta taɓa a kai rahotonsa, a fara masa gashi da wuri, a sa masa tallafi don agara, kuma a dage da zuwa awo, domin yara sun fi manya farfaɗowa amma sun fi su saurin ƙagewar sawu. Mai suga da mai kuturta su fara da maganin cutar, su nisanci duk abin da ke huda fata ko ƙona ta. Wanda ya cika wata uku babu motsi, kuɗinsa na gaba na EMG ne da ganin likitan tiyata. Wanda kuma ya shekara biyu ko fiye yana jan ƙafa, ya daina kashe kuɗi a kan farfaɗo da jijiyar: idan matashi ne mai noma ko mai babur, kuma zai iya zaman filasta da gashi a lokacin rani bayan an kai amfanin gona gida, dashen igiyar tsoka ya fi masa; idan kuwa shekaru sun ja, ko suga ya ƙi daidaita, ko babu mai zama da shi a Kano, takalmin da aka ƙera da awo tare da takalmi rufaffe guda biyu na sauyawa zai kai shi kasuwa da masallaci.